Alƙalamin da Ba Ya Rubutu

Shekara goma sha uku kana aljihuna,
alƙalamin da bai taɓa rubuta harafi ba,
sai ɗigo-ɗigo a cikina da cinyata,
rubutun da ni kaɗai nake karantawa.

Sau huɗu a yini. Na taɓa lissafawa
a bayan takardar jarrabawar ɗalibaina:
dubu goma sha tara, saura kaɗan.
Na soka ka a lungun tashar Bauci,
na soka ka a ƙarƙashin tebur ran walimar Zulai,
na soka ka da yatsun da sanyin Jos ya ƙage,
ina hura musu iska kafin in murɗa lambarka.
In an ɗauke wuta, Inna ta naɗe ka a leda
ta ajiye ka gindin randa, inda ƙasa ke raɓa.

Ran Talata, a asibitin Lamingo,
Sista Kangyang ta buɗe wani ɗan kwali.
Abin ciki bai kai gidan ashana biyu ba.
Ta ce, "Wannan famfo ne." Na yi dariya,
don famfon da na sani yana tsakar gidanmu a Gangare,
rabonsa da ruwa tun azumin bara.

Ta maƙala mini siririyar tiyo a ciki.
"Bayan kwana uku ka sauya masa wuri.
Shi ba ya barci, ɗis, ɗis, dare da rana,
amma ba ya ganin kwanonka, Malam Mudi,
kai za ka faɗa masa abin da ka ci."

Sai na koma ɗan aji ɗaya.
Masa uku nawa ce? Malmalar tuwon acca fa?
Gwate ludayi biyu, dankalin Bokkos soyayye?
Ni da ke koyar da lissafi, ga ni ina auna loma.

Kuɗinsa kuwa,
Yaya Tasi'u ya sayar da filinsa na Rikkos.
Bai gaya mini ba. A bakin dillali na ji.
Tun ranar abin ya ƙara nauyi a ƙuguna.

Juma'ar farko, a ƙofar masallaci,
ɗan agaji ya shafa ni da sandarsa, ta yi kuka.
Ya ga waya ta fito daga ƙugu ta shige riga.
Garinmu bai manta da waya a ƙugu ba.
Ya ja da baya, mutane suka dare.
Na ɗaga hannu ɗaya, na ɗaga riga da ɗayan:
"Ciwon suga ne, ɗan'uwa."
Ya daɗe yana kallon tabon da ka bar mini,
ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ƙanwata ma..."
Bai ƙarasa ba aka ta da iƙama.

Mako na biyar tiyo ta lanƙwashe cikin dare.
Na farka harshe kamar busasshen ganda,
na'urar gwaji ta nuna ɗari huɗu da wani abu.
Na lalubo ka a firji, bayan kwalbar yaji,
na murɗa, na soka, na zauna jiran gari ya waye.
Ba ka yi mini gori ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya:
na yi barci har hantsi ran Asabar, ban yi rawar jiki ba.
Na hau dutsen Shere da 'yan ajina,
na rage ɗigon da maɓalli, ban nemi lungu ba.
Kullutun cikina sun fara sacewa.

Yanzu jan biro ne a mazauninka,
mai rubutu, mai ba da maki.
Sai dai in an ajiye abinci gabana
hannu kan riga ni zuwa aljihu,
in zare shi, in cire murfin,
in tsaya ina kallonsa
har miya ta fara sanyi.